Yadda Ƙananan Ƙungiyoyin Unguwa Ke Rayuwa da Yadda Suke Mutuwa a Birnin Kano

Akwai ayyuka da yawa a birnin Kano waɗanda a rubuce haƙƙin gwamnati ne ko na wani kamfani, amma a aikace mutanen unguwa ne ke ɗauke da su. Idan taransifoma ta ƙone, kafin kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO ya waiwayo an riga an yanka wa kowane gida abin da zai bayar. Idan damina ta kawo jiki, matasa ne ke fitowa da shebur da baro su yashe kwatoci ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Gyaran katangar maƙabarta, da alawus ɗin 'yan sintiri, da kuɗin tiyatar wata baiwar Allah da ke kwance a asibitin Murtala, da kayan sallar marayu, da biyan tarar wanda 'yan dubban nairori suka riƙe a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, idan aka bi diddigi sau da yawa wata ƙaramar ƙungiya za a tarar a bayansu. Mafi yawan irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da ofis, ba su da ma'aikaci mai albashi ko ɗaya, wasunsu ma ba su da wata takardar rajista, iyakar abin da suka mallaka shi ne littafin sunayen 'yan ƙungiya da kuma yardar da maƙwabta suka yi musu.

Abin da ke buƙatar bayani shi ne dalilin da ya sa, a garin da ba a taɓa rasa masu bayarwa ba, ƙungiyoyi da yawa ke tashi da ƙarfinsu sannan su bi ruwa bayan 'yan shekaru. A ganina amsar tana cikin irin kuɗin da ake ba su. Bakano yana da saurin buɗe hannu ga abin da ido zai gani ko baki zai ci, kamar buhun shinkafa ko sabuwar rijiyar burtsatse, amma hannun nan yakan yi nauyi idan aka zo ga abin da ke riƙe ƙungiya a tsaye, wato kuɗin gyara, da kuɗin rubuta lissafi, da ɗan abin da za a ba mutumin da ya bar sana'arsa yana zirga-zirga a madadin jama'a. Sauran matsalolin da ake yawan ambatawa, irin su rikicin shugabanci da shigowar 'yan siyasa, galibi daga nan suke tsirowa.

Ƙungiyoyin ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su a kwando guda yana ɓata lissafi. Akwai ƙungiyoyin ci gaban unguwa, waɗanda aka fi sani da na taimakon kai da kai, su ne masu kwata da kwalbati da tsaro. Akwai na addini, kamar kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya da na marayu, da kuma 'yan agaji. Akwai na zumunta da na tsofaffin ɗalibai, irin RUMFOBA ta tsofaffin ɗaliban Kwalejin Rumfa ko KASSOSA ta waɗanda suka fito daga makarantun kimiyya na jihar. Sannan akwai masu ofis da allon suna a bakin titi, waɗanda ke rubuta takardun neman tallafi daga ƙasashen waje, kuma su ne aka fi ji a rediyo duk da cewa su ne mafi ƙaranci a adadi.

Tushen abin ya girmi duk waɗannan sunaye, domin aikin gayya da adashi da gudummawar biki da ta mutuwa sun daɗe a rayuwar Bahaushe. Abin da ya zo daga baya shi ne tsari na shugaba da sakatare da ma'aji. Ƙungiyar Fityanul Islam, wadda Malam Mudi Salga ya kafa a Kano a 1963, tana cikin waɗanda suka saba wa jama'a ganin matasa cikin kaki suna hidimar taro da jana'iza ba tare da an biya su ba. Yaɗuwar ƙungiyoyin unguwa kuwa ta ƙaru ne bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, hukumomi suka janye hannu daga abubuwan da a da ake yi kyauta. Kuɗin magani da na makaranta da na gyaran famfo suka dawo kan talaka, shi kuma ya nemi maƙwabcinsa. Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta buɗe wata ƙofar daban, ta kuɗin hukumomin waje irin DFID ta Birtaniya da USAID ta Amurka.

Yadda garin ya faɗaɗa shi ma yana da hannu a ciki, kuma wannan ne ya bambanta ƙungiyar cikin ganuwa da ta bayan gari. A tsofaffin unguwanni irin Yakasai da Mandawari da Koƙi, mutane dangin juna ne ko kuma maƙwabtakarsu ta kai kaka da kakanni, saboda haka ƙungiya kan ginu ne a kan zumuncin da tuni yake nan, kuma mai unguwa da limami suna da ta cewa tun kafin a zaɓi shugaba. A unguwannin awon igiya da suka bazu ta wajen Kurna da Bachirawa da Rimin Kebe da Sheka da Ɗorayi, labarin ya sha bamban. An yanka filaye an sayar ba tare da an bar hanyar ruwa ko filin makaranta ko na asibiti ba, mutane suka taru daga garuruwa daban-daban ba su san juna ba, ruwan famfo daga matatar Tamburawa ko ta Challawa bai isa wurin ba, sai 'yan ga-ruwa. A irin wannan wuri ƙungiya ce ke maye gurbin ƙaramar hukuma, ita ke sayen fili a yi maƙabarta, ita ke sayen turakun wuta da waya, ita ke zuba ɓaraguzai a hanya idan ruwa ya cinye ta. Nauyin da ke kanta ya fi na takwararta ta cikin gari, alhali kuwa sanayyar da za ta dogara da ita ba ta kai ta can ƙarfi ba.

Wanda ya taɓa zama a taron irin wannan ƙungiya zai gane yadda amana da kunya ke aiki tare. Bayan sallar isha'i ake haɗuwa, a ajin makarantar Islamiyya ko a ƙofar gidan mai unguwa, dattawa a kan tabarma ko benci na gaba, matasa a tsaitsaye daga baya. Liman ya buɗe da addu'a, sakatare ya haska fitilar waya ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya, sannan ma'aji ya zaro littafi mai bango ja daga aljihun gaba ya fara kiran sunaye gida-gida. Ana cikin haka sai wani matashi ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, kuɗin da aka tara na kwalbati, nawa aka kashe, nawa ya rage?" Kafin shugaba ya buɗe baki wani dattijo ya riga shi: "Kai yaro, Alhaji ne fa ke riƙe da kuɗin nan, ko zarginsa kake yi?" Daga nan maganar ta mutu. Mai yiwuwa Alhajin ko sisi bai ci ba, wataƙila ma daga aljihunsa ya cika kuɗin siminti, amma da yake babu rasit kuma babu wanda ya isa ya nemi a nuna masa, sai zargin ya koma majalisar mai shayi, inda ba za a taɓa wanke shi ba. Wata mai zuwa matashin nan da abokansa ba za su biya kuɗin wata ba, kuma ba za su faɗi dalili ba.

Kuɗin wata shi ne mafi tsabtar kuɗin da ƙungiya ke samu, domin ba ya zuwa da sharaɗin kowa, sai dai shi ne kuma mafi ƙanƙanta. A ƙaddara ƙungiya tana da mutum 80, kowa yana ba da naira 1,000 a wata. Ko da kowa ya biya, abin da ba kasafai yake faruwa ba, naira 80,000 ke nan, wato da kaɗan ta ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024. Wannan kuɗi ba zai biya 'yan sintiri biyu ya kuma yi saura don gyaran injin rijiya ba. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Farashin siminti da magani da hatsi ya ninka, amma kuɗin wata yana nan inda yake, saboda babu shugaban da ke da ƙarfin halin cewa a ƙara alhali yana ganin wasu daga cikin masu bayarwa a da sun koma cikin jerin masu neman a taimaka musu.

A nan ya dace a leƙa Sabon Gari. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya na Ibo da Yarabawa da ke zaune a can sun daɗe da tsarin taron wata-wata, da tara ga wanda ya makara ko ya ƙi zuwa, da karanta lissafi a bainar jama'a, kuma da irin wannan karo-karo ƙungiyar Ibo ta gina makarantunta a Kano tun kafin samun 'yancin kai. Ba wai sun fi kowa tausayi ba ne. A wurinsu neman a karanta lissafi ba cin fuska ba ne, kuma wanda bai biya ba ya san ranar da abu ya same shi ƙungiya za ta buɗe littafi ta duba sunansa.

Tunda kuɗin wata ba ya isa, sai a nufi masu hali. Kano tana da su, a Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Ruwa, kuma da wuya kwamitin marayu ya shiga kasuwa da takarda ya fito hannu rabbana. Matsalar ita ce wannan alheri yana da lokaci kuma yana da irin abin da yake so. A watan Ramadan kuɗi kan zo har ya yi wa ƙaramar ƙungiya yawa, a dafa abinci a raba kunu da ƙosai, a ɗinka wa marayu kayan salla, a ɗauki hotuna. Da an sauko daga idin ƙaramar salla sai ƙafa ta ɗauke, alhali a watan Satumba ne ake neman kuɗin makaranta da na littattafai, kuma a tsakiyar damina ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Maraya ya samu shadda kala biyu a wata guda, sannan ya shafe zango a gida saboda babu wanda ya ɗauki nauyin kuɗin jarrabawarsa.

Rijiyar burtsatse ta fi komai nuna wannan hali. Mai kuɗi yana son ya haƙa sabuwa, a sa tanki da sola, a rubuta a jiki cewa sadaka ce ga mahaifinsa marigayi, kuma niyyarsa kyakkyawa ce. Bayan shekara ɗaya ko biyu injin da ke jan ruwan ya ƙone, ko a sace faifan sola, ko tanki ya tsage. Shi mai sadakar yana ganin ya gama nasa, wani attajirin kuma ba ya son ya sa kuɗi a rijiyar da ke ɗauke da sunan mahaifin wani, ƙungiyar da aka damƙa wa kulawa ba ta da asusun gyara. Idan 'yan kwamiti suka ce za a riƙa karɓar wani ɗan abu a kan kowace jarka don a tara na gyara, sai a ce sun mai da sadaka kasuwanci. Shi ya sa za ka ga unguwa da matattun rijiyoyi biyu ko uku, ana kuma shirin haƙa wata a gefensu. Inda rijiya ta daɗe tana aiki, idan ka bincika za ka samu an daure wa wannan surutu, an sa mai kula da famfo ana ba shi wani abu, ana kuma ajiye ragowar.

Wannan ya kawo mu ga batun da aka fi jin nauyin faɗa, wato haƙƙin masu yin aikin. An ɗauka cewa duk wanda ke aikin ƙungiya don Allah yake yi, saboda haka ko kuɗin mota ya cira daga asusu ya zama mai ci da ceto. To amma mutumin da zai kwana a asibitin Malam Aminu Kano yana bin layin biyan kuɗi da na karɓar jini saboda marar lafiyar da ba danginsa ba, yana da iyali, kuma shagonsa a rufe yake a ranar. Zai jure shekara biyu ko uku, daga nan ko dai ya gaji ya janye, ko kuma ya fara cire wani abu a ɓoye, wanda hakan ya fi muni nesa ba kusa ba. Abin mamaki shi ne addinin da ake kafa hujja da shi bai ɗora wa kowa wannan nauyi ba, domin aya ta 60 a Suratut Tauba, wadda ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, ta sanya ma'aikatan da ke tattara ta a cikinsu. Haka kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ƙungiyar da ta fito fili ta ce kashi kaza na abin da aka tara zai tafi ga zirga-zirga da alawus ɗin sakatare, ta kuma liƙa lissafinta a allon masallaci duk wata, ta fi kusa da wannan koyarwa a kan wadda ke rantsuwa cewa ko kwabo ba ta taɓawa amma ba ta da littafi.

Giɓin da jama'a suka bari shi ɗan siyasa ke cikewa. Shi ba ya tambayar rasit, kuma a shirye yake ya biya kuɗin hayar ofis da kujeru da riguna masu tambari, abubuwan da attajirin kasuwa ba ya so ya biya. Ana naɗa shi uban ƙungiya, ana gode masa a rediyo. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski, don haka idan zaɓe ya matso za a nemi ƙungiya ta fito da matasanta. A gari irin Kano, inda launin hula kaɗai ya isa ya raba majalisa biyu, wannan na nufin rabin unguwa sun fita daga ƙungiyar ke nan. Idan uban ƙungiya ya faɗi zaɓe tallafi ya yanke, idan kuma ya ci, shugabannin ƙungiyar kan samu 'yan muƙamai su bar aikin. Ba na cewa ƙungiya ta guji kansila ko ɗan majalisa, domin kwalbatin da za a nema a wurinsu haƙƙin jama'a ne. Bambancin yana tsakanin zuwa da takardar buƙata a madadin unguwa da kuma zuwa karɓar na cefane.

Kuɗin ƙasashen waje kuwa ƙungiyoyi kaɗan yake isa gare su, waɗanda ke da mai iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci da rahoton mai binciken kuɗi. Wasu daga cikin na Kano, irin WOFAN mai aiki da mata manoma da AHIP mai kula da lafiyar matasa da CITAD mai harkar fasahar sadarwa, sun daɗe suna aiki har sun wuce a kira su ƙanana. Ƙananan kan shigo ne a matsayin 'yan kwangilar tara jama'a, a ba su aikin wata shida a kan abin da mai kuɗin ya zaɓa, ko da abin da ke damun unguwar daban ne. Akwai kuma tsohon zargi da ke bin duk wani kuɗi da ya ƙetaro teku, wanda gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya ƙarfafa, har ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Ita kanta wannan hanya ta ƙuntata, domin Birtaniya ta rage kasonta na tallafi daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigarta a 2021, sannan a Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da ayyukan USAID kafin daga bisani a rushe hukumar.

Sabuwar hanyar da ta fi tasiri a 'yan shekarun nan ita ce ta Facebook da WhatsApp da TikTok. A ɗauki hoton marar lafiya da takardar asibiti, a sa lambar asusu, cikin kwana ɗaya a tara abin da kuɗin wata na shekara ba zai tara ba, har daga 'yan Kano mazauna Saudiyya da Ingila. An ceci rayuka da yawa ta haka, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai kuɗin kan shiga asusun mutum ɗaya ne, kuma labarin da ya fi sa kuka shi ya fi samun kuɗi, ta yadda mai ciwon ƙoda da ke buƙatar wankin jini duk mako zai samu taimako a karon farko, a karo na biyar kuwa masu kallo sun wuce zuwa wani hoton. Ga kuma tambayar abin da ake yi da rarar kuɗi idan an tara fiye da buƙata ko marar lafiyar ya rasu, da batun mutuncin matar da aka nuna fuskarta da ta 'ya'yanta ga duniya saboda kwanon shinkafa.

Doka tana da nata tsarin, amma an yanka shi ne daidai da manya. Ƙungiya na iya yin rajista a ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar jiha, wanda hakan ke ba ta damar a san da ita. Idan kuwa tana son ta zama mai cin gashin kanta a idon shari'a, ta mallaki fili da sunanta, ta kai ƙara ko a kai ta, to sai ta je Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC ta yi rajistar amintattu. Ana buƙatar tsarin mulki a rubuce, da amintattu aƙalla biyu, da sanarwa a jaridu, a kuma jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan haka akwai rahoton da ake miƙawa a kai a kai, bankuna kuma sun saba neman takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin su buɗe asusu. Dokar kamfanoni da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020 ta ƙara tsaurara sa ido, musamman sashe na 839 da ya yi maganar dakatar da amintattu, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce daga shugabannin addini har aka dangana da kotu. Ga ƙungiyar da ke tara dubu tamanin a wata, kuɗin lauya da na jarida kaɗai sun isa su sa ta haƙura, sai ta ci gaba da ajiya a asusun ma'aji.

Duk da wannan rauni, ƙaramar ƙungiya tana da abin da hukuma ba ta da shi, wato ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ta kuma san wanda ke zuwa karɓar tallafi alhali yana da gidan haya. Tana iya tayar da maganar da hukuma ke kawar da kai daga gare ta. A Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi da ƙungiyarta ta zawarawa da marayu sun shirya gangami a kan yawan sakin aure a Kano, hukumar Hisba ta hana. Bayan shekara uku, a 2012, Hisbar ce da kanta ta haɗa hannu da ƙungiyar aka ɗaura auren zawarawa 100 a rukunin farko, shirin da gwamnatocin da suka biyo baya suka ci gaba da yi. Ana iya saɓani a kan ko auren gayya ya magance matsalar, amma babu saɓani a kan inda maganar ta faro. Mata ma su ne ƙashin bayan aikin marayu da na jinya a unguwanni da dama, ta hanyar makarantun Islamiyya na matan aure da rassan FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, ko da yake a taron bayan isha'i da ake yanke shawarar kuɗi ba a cika ganinsu ba.

Hanyar da aka daɗe ana ambatawa don samar da kuɗi mai ɗorewa ita ce wakafi, wanda a Kano aka fi kira hubusi, har jihar ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Asalinsa sananne ne, tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibara da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a: a tsare asalin dukiya, a riƙa ciyar da amfaninta. A aikace wannan na nufin maimakon attajiri ya raba buhu ɗari a azumi ɗaya, ya sayi shago biyu a bakin titi ko ya gina su a jikin katangar masallaci, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan malaman Islamiyya da gyaran rijiya duk shekara. Wasu masallatai da makarantu a birnin suna yin haka, kuma su ne ba sa fita da kwano duk Juma'a.

Sai dai wakafi ma yana komawa ne ga batun takarda. Idan ƙungiya ba ta da rajistar amintattu, ba za a iya rubuta shagon da sunanta ba, don haka akan bar shi da sunan mai bayarwa ko na shugaban da ya kafa ta, bisa yarda da fatar baki. Muddin suna raye babu matsala. Ranar da ɗayansu ya kwanta dama, magada za su tarar da takardar shago a cikin akwatin mahaifinsu ɗauke da sunansa, wasunsu ma ƙanana ne ba su san an yi wata magana ba, kuma alƙalin da zai raba gado hujja zai nema, ko rubutu ko shaidu. Idan dattawan da aka yi abin a gabansu sun rasu ko sun manta iyakar abin da aka faɗa, shagon zai shiga cikin rabo, makarantar da ke cin hayarsa kuma ta koma neman kuɗin alli a wurin iyayen yara.